Sun Ce Ni Na Shanye Shi

Anti Rabi'atu, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zuciyata ke raya mini.

Maigidana ɗan kasuwa ne a kasuwar Singa. Yana cikin karyawa kofi ya suɓuce masa, baki ya karkace, hannun dama ya saki. Na ce a tafi asibiti, yayarsa Fanta ta tare ƙofa. Wani maƙwabci ya ce ai shanyewar ɓarin jiki ce, ita kuwa "shanye" kawai kunnenta ya kama. Ta bi dangi gida-gida wai dama ta faɗa, ni na shanye mata ƙani. Ko ruwa aka hana ni ba shi, aka yi ta masa hayaƙi, sai da ƙanena ya zo muka fitar da shi ƙarfi da yaji.

A wani asibiti a Sabon Gari aka sa shi cikin na'urar MRI. Likita ya nuna mini hoton ƙwaƙwalwarsa: ga jijiyar da gudan jini ya toshe, ga wasu fararen layuka kamar zare, wai alamar jini ne yana jan ciki ta ƙananan hanyoyi. Ya ce da an kawo shi da wuri, wataƙila da maganarsa ba ta ɗauke ba.

Wallahi na tsani matar nan. Za ta aurar da 'yarta kwanan nan, na ƙudurta ranar kamu in ɗaga hoton gaban mata in ce ga wadda ta cuce shi. So nake ta ɗanɗani kunyar da na sha.

Wadda aka yi wa ƙazafi, Fagge

'Yar'uwa, an zalunce ki, ba zan ce ki manta ba. Sai dai tsoro da rashin sani ne suka ja Fanta, kuma likitan ma "wataƙila" ya ce. Amarya ba ta yi miki komai ba.

Ki sa wani babba a dangi ya taho da Fanta ranar komawa asibiti, ta ji daga bakin likita. Sannan ta sake bin gidajen nan ta janye maganarta. Wannan haƙƙinki ne, kada ki sassauta.

Hoton kuwa na mijinki ne. Baki ya ƙi, amma yana ji. Ki zauna gabansa ki tambaye shi ko ya yarda a yi yawo da ƙwaƙwalwarsa a gidan bikin 'yar yayarsa. Zai iya girgiza kai.

Allah Ya tashi kafaɗarsa, Ya sanyaya miki zuciya.