Akwatin Lazaro Yana Bakin Kasuwa

Daga: Belita Kapembwa,
Shagon kafinta, bayan tashar mota,
Lunsenga.

Zuwa: Mai Girma Babban Sakataren Gunduma,
Ofishin Gundumar Lunsenga.

Talata, 5 ga Nuwamba, 1991.

Game da: Akwatin gawar mijina da masu murnar zaɓe suka ɗauke, da roƙon a dawo da shi kafin Alhamis.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, da taya ofishinka murnar sabon shugaban da ƙasa ta zaɓa, ni Belita, matar marigayi Lazaro Kapembwa kafinta, ina neman izinin gabatar da kukana. Na zo da ƙafata jiya Litinin, masinja ya ce komai sai a rubuce. To, ga shi a rubuce.

1. Mijina ya rasu ran Asabar, 2 ga Nuwamba, da hantsi, bayan doguwar jinyar ƙirji. Ina so a lura cewa shi ba baƙon wannan nasara ba ne. Tun lokacin da ake tare mutum a ƙofar kasuwa a ce ya nuna katin jam'iyya mai mulki, Lazaro ya ƙi yankar katin, kuma a kan haka aka sallame shi daga aiki a mahaƙar ma'adinai. Ran Alhamis ɗin zaɓe ƙanensa ne ya goya shi a keke har rumfar zaɓe. Da rediyo ya faɗi sakamako, dariya ya yi har tari ya sarƙe shi, ya ce in dama masa kunu. Rabinsa kawai ya iya sha.

2. Tun da ciwon ya kama shi ya haɗa wa kansa akwati da katakon mukwa, da hannunsa. Mutum ne dogo fiye da kima, ko ƙofar coci sai ya sunkuya yake shiga. Ya ce ya sha ganin yadda ake cusa dogaye a akwatin sayarwa, shi ba za a naɗe shi kamar tabarma ba. Na yi masa faɗa har na gaji, ina cewa kiran mutuwa yake yi. Duk da haka ya sa na ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki na rantse cewa a cikinsa zan kwantar da shi, kuma na rantse.

3. Da yammacin wannan Asabar, bayan an kai shi mutuware a asibitin mishan, muka sauko da akwatin muka ajiye a ƙofar shago don a goge ƙura. Sai ga ayarin murna daga kasuwa, da ganguna da usur da rassan itace. Ba ni da ƙorafi a kan murna, Ranka ya daɗe, da wata rana ce da ina cikinsu. Amma wanda ke gaba, Geshom Kasonde, ɗan kamasho a tashar mota, yana hango akwatin ya kwarma ihu: "Jama'a, ga akwatin tsohuwar jam'iyya Allah Ya kawo!" Kafin in miƙe sun ɗora shi a kafaɗa. Na bi su ina kururuwa, ganga ta cinye muryata. Wata mata ta ɗauka rawa nake yi, ta kama hannuwana ta juya ni sau biyu ta sake ni a cikin taro.

4. Yanzu akwatin yana bakin kasuwa a kan durom biyu. An rubuta sunan jam'iyyar da ta faɗi a jikinsa da baƙin fenti, an cika shi da tsofaffin katuna da zannuwan kamfen. Mutane na zuwa har daga ƙauyuka su tofa masa yawu, su doke shi da sanda. Murfin ya riga ya tsage ta gefen kai. Mata suna zagaye shi suna waƙoƙin makoki na wasa, kuma daga cikin ɗakina, inda dangi ke zaune a ƙasa suna makokin gaske, muna jin su sarai.

5. Ran Lahadi, 3 ga wata, bayan coci, na je na durƙusa wa Geshom, yaron da na girme wa uwarsa. Ina rubuta amsarsa yadda ya faɗe ta a gaban shaidu: "Haba Mama, jam'iyyar da muka samu da ƙyar muka tura ciki kike so mu buɗe mata ta fito? Mulkin da ta yi mana bai ishe ki ba? Ki bari ran Asabar mai zuwa mu cinna masa wuta a gaban sabon ɗan majalisa, sai ki zo da kwano ki kwashi toka." Na ce masa na Lazaro ne. Ya ce Baba Lazaro namu ne, da yana raye da kansa zai ba da shi. Abokansa suka tafa masa. Tun daga ranar ake nuna ni a hanya ana cewa ga wadda take yi wa jam'iyya takaba. Wannan magana ta fi komai ƙona mini rai.

6. Ran Litinin, 4 ga wata, na kai ƙara caji ofis. Sufeto ya karɓe ni da mutunci, har kujera ya ba ni. Sannan ya ce, "Mama, ni yanzu in zan ratsa kasuwa hulata nake cirewa in sa a aljihu. Duk wanda ya taɓa akwatin nan a makon nan ya zama ɗan tsohuwar gwamnati, ni kuwa da 'ya'ya." Ya ce in kawo umarni daga sama. Ban san wani sama a garin nan da ya wuce ofishinka ba.

7. Asibiti sun sanar da ni cewa firjinsu ba ya riƙe sanyi a wannan zafin, dole in ɗauki mijina kafin tsakar ranar Alhamis, 7 ga wata. Na zagaya duk masu sayar da akwati, babu ko ɗaya da ya kai tsawonsa, kuma babu kafintan da ya buɗe shago tun da aka fara shagali. Ma'aikacin mutuware ya ja ni gefe ya ce akwai yadda suke yi da gwiwoyin dogaye. Ba zan rubuta sauran abin da ya faɗa ba. Tun jiya ban iya sa komai a bakina ba.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙon ofishinka ya ba da umarni a rubuce, a tura wanda samarin nan za su ji maganarsa, a dawo mini da akwatin kafin safiyar Alhamis. Ba na neman a kama kowa, ba na neman diyya. Fentin ma ni zan kankare da hannuna. In abin ƙonawa suke so, akwai ragowar katako a shago, duk na ba su.

In kuwa Alhamis ta yi ban ji komai ba, ina so takardar nan ta zama shaida cewa na sanar da hukuma tun da wuri. Zan je asibiti in karɓi mijina, in naɗe shi a bargo, mu ɗauko shi ni da ƙanensa har bakin kasuwa. Zan kwashe katunansu, in kwantar da shi a cikin abinsa a gaban kowa, in zauna a gefe. Sai in ga wanda zai kawo ashana.

Allah Ya ƙara maka girma, Ya sa takardar nan ta iso hannunka yau ba gobe ba.

Mai biyayya a gare ka,

Belita Kapembwa (Maman Mwila),
matar marigayi Lazaro Kapembwa.