Konk Ɗinmu Yana Ruɓewa a Ɗakin Sanyi

Ƙungiyar Mata Masu Busar da Konk,
Ƙauyen Bottle Sound,
Tsibirin Little Harker.
2 ga Yuli, 2019.

Zuwa ga
Mai Girma Kwanturolan Kwastan,
Tashar Jiragen Ruwa ta Port Aubin.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: TSARE BUHU ARBA'IN NA BUSASSHEN NAMAN DODON KOƊIN TEKU, WATO KONK, SABODA RASHIN MATSAYA A KAN RUKUNINSA

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ni ce Eudora Handfield, shugabar ƙungiyar da aka ambata a sama. Mu mata goma sha ɗaya ne. Ina neman izinin gabatar da kukanmu kamar haka:

1. Ranar 4 ga Yuni na kawo kayan nan tasharku a jirgin Kyaftin Cleophas Astwood, za a wuce da su ƙetare, birnin Cap-Haïtien, wajen Madam Philomène Destiné, wadda ta gaji ciniki da mu daga mahaifiyarta. Aikin kakar bana ne gaba ɗaya. Mazanmu sun yi nutso sun ciro, mu muka fasa, muka daddaka da gudumar katako, muka wanke da ruwan teku, muka shanya a igiya har ya bushe ƙarau. Takardar izinin fitar da konk tana hannuna, kuma wa'adinta zai ƙare ranar 15 ga Yuli, ranar da ake rufe kakar kamun konk.

2. Jami'ar da ta fara duba kayan, Mis Outten, ta rubuta su a babi na uku na littafin rukunin kaya na kwastan, wato rukunin busasshen naman teku, inda aka saba sa su tun zamanin kakata. Sai dai sa hannun ƙarshe na Mista Delancy ne, wanda aka turo kwanan nan daga babban birni. Ya ɗaga busasshen konk guda, ya juya shi, ya ce Mama, wannan takalmi ne ko abinci? Muka yi dariya, shi ma ya yi. Ya ce shi ɗanyen konk kawai ya sani, wanda ake yankawa da albasa a bakin ruwa.

3. Ranka ya daɗe, a Bottle Sound ba a barin baƙo ya ce bai san abincinmu ba ya tafi haka. Abin kunya ne. Don haka na jiƙa guda biyar a gidan ƙanwata, washegari na yi miya da attarugu da lemon tsami da ɗan tumatir, na haɗa da tsakin masara, na kai ofis a kwano mai murfi. Ban yi don a yi mini alfarma ba, Allah ne shaidata, har masinja da mai gadi sun ci. Mista Delancy ya ci, ya ƙara, ya ce rabonsa da miya mai daɗi haka tun rasuwar kakarsa.

4. Ranar 7 ga Yuni aka miƙo mini takarda mai ɗauke da sa hannunsa, cewa bisa samfurin da mai kaya ta gabatar da kanta, kayan sarrafaffen abinci ne mai kayan yaji, don haka na babi na goma sha shida ne. Na yi masa bayani cikin ladabi cewa miyar daban, abin da ke cikin buhu daban, babu komai a jikinsa sai gishirin teku da rana. Ya ce ya yarda da ni ɗari bisa ɗari, amma an riga an shigar da rahoton a na'ura, shi kuma ba shi da ikon gogewa. Ya ba ni haƙuri. Ya dawo mini da kwanona a wanke.

5. An shaida mini cewa kayan babi na goma sha shida sai da takardar shaidar tsaftar masana'anta. Na je Sashen Lafiya, suka tambayi adireshin masana'antar don su aiko mai dubawa. Na ce igiya ce tsakanin itatuwa biyu a bayan coci. Suka ce ba sa ba igiya takarda, in koma babi na uku. Na dawo, Mis Outten ta ce ita tana nan a kan babi na uku, amma ba ta isa ta taka rubutun na gaba da ita ba. Gaba kura, baya siyaki. Na rasa ƙofar da zan sake bugawa.

6. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Dokarku ta ce duk naman tekun da aka tsare a kai shi ɗakin sanyi, aka kuwa kai. Ranka ya daɗe, busasshen konk ba ya shiri da laima. Shi ne abin da muke ratayewa a rufin kicin saboda lokacin guguwa, ya shekara bai yi komai ba, muddin iska na kaɗa shi. A ɗakin nan kuwa wuta tana zuwa tana ɗaukewa, bango yana zufa, buhunan suna jibge a kan siminti. Na roƙi mai kula da ɗakin ya ɗora su ko a kan katako ne, ya ce kayan da ba su da rukuni ba a taɓa su.

7. Matan da suka aiko ni suna kira kullum. Anti Verlene Missick, wadda ta haura saba'in, buhu shida nata ne, ta daka su da hannun da ba ya iya riƙe cokali da safe. Ta ce a waya, Dora, ke da muka tura ki sayar, kika je kika buɗe musu gidan abinci? Ta yi dariya, ni na kasa. Madam Philomène ta ce za ta jira zuwa ranar 15, bayan nan babu abin da za ta iya. Kyaftin Cleophas ya tafi ya dawo sau biyu ba tare da mu ba. Idan takardar izinin ta mutu, ko an saki kayan ba za su fita ba, ƙauyenmu kuma ba zai iya cinye buhu arba'in ba. Rana ba ta ƙarya.

Ban zo da ƙarar kowa ba. Mista Delancy bai zage ni ba, kowa a ofishinka yana gaishe ni da Mama, har kujera suke ba ni. Wallahi da wani ya yi mini tsawa da na san da wa nake faɗa.

Saboda haka ina roƙon mai girma Kwanturola, cikin ƙasƙantar da kai, ya sa a buɗe buhu ɗaya, kowanne aka ga dama, a gaban jami'an biyu, a ba kayan rukunin da ido ya gani kafin ranar 15. Idan hakan sai an rubuta babban birni an jira amsa, to ina da ƙaramin roƙo. A ba ni izinin ɗaura igiya a cikin harabarku, daga sandar tuta zuwa shingen waya, in shanya su a rana a ƙarƙashin idon mai gadi. Ba zan fita da ko guda ba, a kirga da safe a kirga da yamma.

Jiya da aka buɗe ɗakin don shigar da kifin wani, ina zaune a bencin da ke bakin ƙofa, iskar ciki ta buso ni. Shekara arba'in ina wannan sana'a, na san warin funfuna idan ta fara. Buhunan ƙasa sun riga sun tafi. Na sama ne nake roƙo. Ban gaya wa Anti Verlene ba, don nata muka fara saukewa daga jirgi saboda girmanta, su ne a ƙasa.

Igiyar tana cikin jakata. Ina kan bencin kowace safiya, ko wa ka aiko zai same ni.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma.

Taka mai biyayya,

Eudora Handfield (Uwargida)
Shugabar Ƙungiya