Rumawan Abba da Takalmana

Daren Asabar, Agusta 2008, Guangzhou

Raina a ɓace yake. Na ce da ɗana Abba, tunda a nan yake karatu kuma yana jin yarensu, ya je sito a titin Zhanxi Lu ya duba takalman da na sara kafin a rufe kwantena jibi. Da la'asar na tarar da shi a miƙe yana kallon wasannin Olamfik, littafin tarihi a kan cikinsa.

"Ka je siton?"

"Umma, na ba wani ɗan kamasho, zai duba."

Har da yi mini karatu. Wai Rumawa sun daina fita yaƙi da kansu, suka ɗauko baƙi haya su tsare musu iyaka, manya na rigimar sarauta, jama'a na filin wasa suna tafi. Da biya ya yanke, masu gadin suka juyo suka cinye garin. Na ce, "To kai wa ka bar wa gadin kayan uwarka?" Dariya ya yi. Tir!

Na je da kaina. Katan ɗin da na buɗe, samfurina ne a sama, ƙasa kuwa roba ce mai warin gam, da yatsa nake ɓare tafin takalmin. Ɗan kamashon ko leƙawa bai yi ba.

Ba takalman ne suka fi cina ba. Wannan ne zai gaji shagon da marigayi ubansa ya gina a Kano? Gobe bayan asuba zai buɗe kowane katan ina tsaye a kansa. In ya ƙi, ƙanwarsa Hauwa zan damƙa wa mukullin.