Takardar Da Ba Ta Ƙamshin Turare

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabi, ya jikin naki? Allah Ya ƙara sauƙi. Murar da ta sa likitoci suka hana ni shiga wurinki ta fara sakina, sai ɗan tari da ya rage.

Umma, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tun ranar da Farfesa, babban likitanki, ya ce huhunki ya gama aiki, sai dai a dasa miki na wani, duk lokacin da motar asibiti ta ratsa unguwarmu ta Waziriyya a nan Jidda tana jiniya, gabana yakan faɗi. Kuma ba don tausayi ba. Sai in ji zuciyata tana cewa, ko wannan ne? Daga nan in yi ta istigfari har bakina ya bushe. Na gaji da kaina, wallahi.

Shekaranjiya Hala Zainabu, 'yar'uwarki, ta dawo daga wurinki ta zauna ko abaya ba ta cire ba. Ta ce kin ƙi yarda a sa ki cikin masu jiran dashe. Wai kin ce, "Ba zan kwanta ina jiran ɗan wata ya mutu ba." Kin ce halas, magana ta ƙare, a mayar da ke gida. Ashe abin da nake ɓoyewa shi kike gudu.

Gidan ba daɗi. Farfesa ya ce hayaƙin turaren wutar da kika yi shekaru kina haɗawa ya taimaka wajen kawo ciwon, don haka Baba ya kwashe kasko da hawi da sandal ya kai wa maƙwabta. Mun wanke labule, mun shanya katifu a saman bene, amma ƙamshin ya ƙi fita. Har yanzu mata suna bugo waya suna neman na amare, ni ce mai ba su haƙuri.

Kin tuna yadda kike soya sukari da itace a kicin, ni kuma ina bakin ƙofa ina karanta miki littattafan soyayyar da alhazai ke kawo mana daga Kano? A nan na koyi rubuta Hausa. In na karya kalma ki yi dariya har tari ya sarƙe ki, ki ce, "Wannan Hausar taki ta sha ruwan Jidda." Ni a lokacin na ɗauka tarin na dariya ne.

Yanzu ko shafi ɗaya ba na iya gamawa. A littafi, in mace ta kwanta ciwo, kafin ƙarshen babi wani ya zo da mota ya fitar da ita waje. Ni na duba hanya har na daina.

Amma ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kafin murar nan, ina zaune a barandar sashenku sai wata tsohuwa 'yar Balad, tsohon garin Jidda, ta zo da dabino da gahawa tana raba wa masu jinya. Ta zauna kusa da ni, ta ce 'yar wa ce ni. Kin san ni da kunya, da ƙyar na ce uwata ce a ciki. Bayan ta tashi wata nas ta gaya mini ita ce ta yi wakafin da aka kafa kujerar Farfesa da shi a makarantar likitoci. Daga wakafin ake biyansa, don ya zauna kan ciwon huhu da dashe kawai, ya koyar da wasu. Ɗanta ne mota ta kaɗe a hanyar Madina, kuma ita da bakinta ta yarda a cire huhunsa a ba wani.

Da ta sake zuwa na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko ba ta jin haushin wanda aka ba. Ta ce, "Ya binti, 'yata, ajalinsa ba wanda ya kira shi. Da na rufe shi duka a ƙasa, da me ya rage mini?" Ta ce ba ta san mutumin ba, amma in ta ji wani ya yi atishawa a kasuwa takan juya.

Umma, ni ba malama ba ce. Na dai san ko kin yarda ko kin ƙi, jiniyar nan ba za ta fasa wucewa ba. Wata uwar za ta yi kuka ranar da aka rubuta mata, kuma wataƙila tana son a karɓa.

Farfesa bai ɓoye mana ba, ya ce aikin babba ne, ana iya jira ba a samu ba. Na ji. Ina roƙonki ki jira ɗin. Ba don ki koma kan kasko ba, na yafe turaren har abada. Ina son in ƙarasa miki littafin da muka bari a tsakiya, ki ci gaba da gyara mini Hausa. Ba mai gyara mini yanzu.

Allah Ya buɗe ƙirjinki, Ya sassauta miki numfashi. Allah Ya jiƙan ɗan tsohuwar nan, Ya yafe mini abin da zuciyata ke faɗa in ta ji jiniya. Amin.

Taki,
Safiyya

Na so in yaga wasiƙar nan, don ba na son ki san ni da wannan tunanin. Amma takardar sabuwa ce, a baƙala, shagon unguwa, na sayo ta, kuma a saman bene na rubuta don kada ta ɗauki ƙamshin gidan. Na shinshina, ba ta ƙamshin komai, za su bari a shigar miki da ita. Ga Hala can tana neman takalminta tana cewa yalla, in yi sauri. Bari in miƙa mata.