Ratar Ƙofa da Yanar Ido

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da jikokina. Mu nan sai godiya. Tela maƙwabcina ne ke rubuta mini, tunda ni ba a sa ni makaranta ba, zarto da guduma aka miƙo mini.

Saƙonka ya iso, wai likita ya sa ranar cire mini yanar ido. To ba zan zo ba. Ban manta abin da ka faɗa a shagona gaban abokaina ba: wai tsarin duniya ba hujja ba ne cewa akwai Mai yin ta, wai ma idon mutum a baibai aka haɗa shi. Shekara hamsin ina kafinta, ban taɓa buɗe shago na tarar katako ya haɗa kansa ya zama kujera ba. Balle rana, da ba ta taɓa makara ba. In idona aikin baibai ne, a bar mini abina. Ba za ku gyara wa Allah aiki a fuskata ba.

Kuma ban manta da kabad ɗin kanti da ka saya ba, alhali ubanka na da rai.

Ka huta lafiya.
Mahaifinka.

Baba,

Ina gaishe ku da ladabi, jikokinku ma suna gaisuwa. Ku yafe mini, amma ban ce babu Allah ba, ai sahu ɗaya muka yi sallah ranar. Abin da nake koya wa ɗalibaina a jami'a shi ne: mun san kujera aikin kafinta ce don mun sha ganin ana yin ta. Duniya kuwa guda ce, ba wanda ya tsaya ya ga ana ƙera wata. Sannan a kowane ido akwai wani ɗigo da ba ya gani sam, inda jijiya ta ratsa. Duk mai kafa hujja da kyan tsari sai ya amsa wannan.

Baba, likita ya ce in aka ƙara jinkiri aikin zai yi wuya. Ku zo, don Allah.

Kabad kuwa, ƙofarsa ta cije tun ruwan farko.

Naku mai biyayya,
Auta.

Auta,

Gaisuwa. Ta cije! Tela shaida ne, sai da na ƙware don dariya. Inji ya yanka ta cif, bai bar mata wurin numfashi ba. Ni kowace ƙofa sai na bar mata rata kamar kaurin farce, saboda katako na kumbura da damina. Mai saye ya gani da rani ya ce tsoho ya yi kuskure. Ruwa na sauka sai ya daina magana. To ɗigon nan naka, wa ya ce maka ba rata ba ce da daminarta ba ta zo ba? Ka tambayi littattafanka.

Mahaifinka.

Ƙari daga Tela, bai san na sa ba: jiya ya tsaya ya gaida turken rumfata, har da tambayarsa iyali. Ku matsa masa.

Baba,

Barkanku da war haka. Na karanta wa ajina wasiƙarku, rabinsu sun koma bayanku. Ni har yanzu ina ganin hujjar ba ta rufe gardama ba, amma maganar rata ta hana ni sakat, ban kuma samo amsarta ba.

Sai dai ga tawa tambayar. In tagar da kuka haɗa ta yi datti, mai gida ya gyara gilashin, ya raina kafinta ke nan? Kuma kabad na jiranku, amma ba a fitar da rata da lalube.

A gaida Tela.
Auta.

Auta,

Ina tafe ranar Talata da jakar kayan aikina. Kada ka ɗauka ka ci gardama. So nake a buɗe idon in ga fuskarka sosai sa'ad da zan ƙarasa kayar da kai.

Kada kowa ya taɓa mini ƙofar nan.

Mahaifinka.