Ringin Mashin Ɗin Baba

Barade, Jalingo
9 ga Mayu, 1992

Hamma Hammanjoda,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da garejin da muke jin labarinsa a bakinka kawai.

Dada, mahaifiyarmu, ta yanke magana. Tun da aka mai da Jalingo babban birnin jiha, ma'aikata ke sallama suna neman haya, ga mashin ɗin marigayi Baba ya tare ɗakin zaure. Ta ce in bai tashi kafin Babbar Sallah ba, masu sayen ƙarafa za su kwashe shi. Na tura shi wurin makanike Philemon a unguwar Turaki, mun buɗe bulon injin, ringin fistin sun cinye. Irinsu babu a nan.

Kai da ka yi kukan da ya fi na kowa ranar jana'iza, ka ce mashin ɗin nan ba zai bar gida ba, ga ranarka. In ringin ma ya fi ƙarfinka, faɗa mini in daina ɓata tawada.

Ƙaninka,
Manga

Jimeta, Yola
20 ga Mayu, 1992

Manga,

Na amsa gaisuwarka, duk da ban ga ladabi a cikinta ba. Ka gaishe mini da Dada da kyau.

Ga ringi nan na ba direba. Wallahi zuciyata ba ta so, don na san hannunka, ko murfin kwalba ka kama sai ka cinye masa haƙora. Amma mashin ɗin ubana ne, don haka buɗe kunnenka.

Ka karya tsohon ringi, ka kankare baƙin da ke cikin ramukan fistin da shi. Sabon kuwa, kafin ka ɗora shi, ka zura shi shi kaɗai cikin bulo ka duba bakinsa. In bakin ya haɗe, ka ɗan goga. Da yatsu ake buɗa ringi, ba da sukundireba ba, ba gwangwanin madara kake fasawa ba. Gefen da ke da rubutu ya kalli sama. Ringin mai shi ne a ƙasa. Kada ka jera bakunansu layi ɗaya kamar 'yan makaranta, kowane ya kalli gabansa daban. Ka shafa baƙin mai kafin ka mai da bulo.

Shi Philemon ɗin, in shi ne wanda na sani yana facin taya, ka ce ya riƙe maka sifana ya yi shiru.

Yayanka,
Hammanjoda

Barade, Jalingo
4 ga Yuni, 1992

Hamma,

Gaisuwa irin wadda ka aiko mini, ba ragi ba ƙari.

Huɗubarka ta iso, ta fi ringin nauyi. Abin da babban makanikin Jimeta ya manta shi ne ya tambayi ko an taɓa yanka bulon an faɗaɗa raminsa. Ba a taɓa ba. Ringinka sun yi girma, na yini ina goga har yatsuna suka yi ƙanta. Ɗaya ya karye, kuma da yatsu na buɗa shi yadda ka yi umarni, sai da mai facin tayan da ka raina ya samo wani a Wukari.

To, albishirinka. Bugu biyu ya tashi, babu hayaƙi ko na sigari. Muryarsa sak yadda ka san ta, har dattawan Turaki suka leƙo suna tambayar wa ya zo. Ban gaya wa Dada ba. Gobe bayan la'asar zan hau shi har ƙofar gida ta ga ɗan da ya iya aiki. Kai kuma in ka zo Sallah zan goya ka a baya, ka riƙe ni da kyau.

Manga

Barade, Jalingo
8 ga Yuni, 1992

Hammanjoda,

Uwarka ce, ƙanwarka Aisatu ke rubuta mini. Ina gaishe ka da yaran, Allah ya yi musu albarka, ya ba su hankalin da ya wuce na ubansu.

An ce kai da ƙaninka kuna ta aika wa juna zagi a kan wasu zobban ƙarfe. Sannunku, gwanaye. Babu wanda ya tuna akwai mai kunne a gidan.

Ranar Juma'a bayan la'asar ina tsintar shinkafa na ji ƙarar nan ta shawo kwanar masallaci. Ban san lokacin da na tashi ba. Na ɗauki buta na cika, na gyara ɗankwali, na kai har zaure ina cewa sannu da zuwa. Sai ga Manga yana washe mini haƙora kamar ya ci zaɓe.

Na ce in ya tashi zai zauna. Na faɗa, kuma na janye. Jiya na ba wani malamin makaranta shi kyauta, na can ƙauyen bayan Zing, da sharaɗin ya tura shi da ƙafa har ya fita unguwa. Kada wanda ya zo mini da magana ranar Sallah. Na binne ubanku sau ɗaya, ba zan riƙa binne shi kowace la'asar don ku ji daɗi ba.

Dada