Daga Dama Na Faro

Tambuwal, ranar Litinin

Zuwa ga amaryata, Kaka Sharifa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina ƙafar taki da mutanen Kebbe? Ki sa Malam Siddiƙ ya karanta miki wagga a keɓe.

Kaka, ɗanki Kawu Abdulƙadir ya ce in ɗaure kayana, Juma'a shina maido ni gida. Kin san a kamfaninsa na taki, inda nika aiki, akwai tsohon akwati a bango wanda ka haɗa wayoyin tebur shida, daga ofis har sito. Ya tsufa kamar ke, sai ya ga dama shika ji. Wani mai gyara a Sakkwato, Mujtaba, ya kira ya ce a karanta mishi lambar jikin akwatin, don ya san irinsa, ya zo da kati da manhajar da za su sabunta shi. Wayata mai tocila ce, ba ta hoto. Na hau kujera na ce mishi fuɗu, biyu, takwas. Ashe takwas, biyu, fuɗu ne. Ya taso tun daga Sakkwato da kayan wani akwati daban, yau kwana biyu ke nan wayoyi a mace.

Kowa ya ce shaƙiyancina ne. Ba su da laifi, ni ne na taɓa kiran sito da muryar Kawu na sa Na'inna mai awo ya sauke buhu arba'in ya sake jerawa. Amma wallahi wannan karon ba wasa ba ne. Idona daga dama ya faro, kamar a allo. Lambobin waya da ka nika haddace su, shi ya sa shekara guda ba wanda ya gane ban iya boko ba.

In na yi shiru a kore ni da sunan shaƙiyyi. In na faɗi, in zauna da sunan jahili. Ban san wanda ya fi sauƙin ɗauka ba.

Angonki,
Mannir

Tambuwal, ranar Asabar

Kaka,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, cewa wanda ya sauke Alƙur'ani ba jahili ba ne, kuma ba ki da gadon ajiye ƙato.

Jiya Mujtaba ya dawo da kayan da sunka dace. Shina cikin aiki, gaban Kawu da Na'inna, na faɗi yadda anka yi. Na jira dariya, ni da na saba sa a yi wa wasu. Na'inna ne, wanda na wahalar, ya fara cewa shi ma sai da ya yi furfura ya bambance shida da tara. Kawu kuwa ya ce shekara guda yana miƙo mini takardu ina kaɗa kai, shi ya kamata ya lura.

Tun da anka sabunta akwatin, wayoyin suna nuna sunan mai kira, muryar aro ta ƙare. Kawu ya ajiye ɗaya gabana, ya ce ba ni ɗagawa sai na karanta sunan da ƙarfi. Yau wani ya kira sau ukku kafin in haɗa haruffan. Kawu ne, daga ofishinsa, yana jira.

Ba ni zuwa gida. Ki ci gaba da zawarci.

Jikanki,
Mannir